Hular da ta koma murfin kula

Kun dai san ƙanwar Maigida ta haihu a tsakiyar Disamba, lokacin da sanyin Jos ke sa mutum lissafin ko alwalar Azahar za ta kai shi Isha'i. Kowa na sayen kayan jarirai a kanti, ni kuwa uwar iyayi na ce da hannuna zan saƙa hula. Na je Terminus wajen masu baza kaya a bakin titi, na sayo zare dunƙule uku da kwarashi. Mai kayan har da rantsuwa wai ulu ne na asali, gashin tunkiyar Turai. Na duƙufa a YouTube dare shida.

Ashe a saƙar hula, daga tsakiyar kai ake farawa, ana ƙari a kowane zagaye, in faɗin ya isa sai a daina ƙarin don ta lanƙwaso ta rufe kunne. Data ta ƙare min kafin baturiyar da ke koyarwa a bidiyon ta zo nan. Ni dai na ci gaba da ƙari. Abu ya yi ta bajewa kamar faifai, ina cewa a raina in kai ya shiga zai gyaru.

Ranar suna a Unguwar Rogo, falon Hajiya cike da mata, ba wajen ajiye ƙafa. Na lallaɓa na tura ledata ƙarƙashin tarin kayan barka. To wa aka ba aikin nuna kaya? Facalata. Kun san ta, ba sai na ce komai ba.

Ta ɗaga atamfa, aka yi guɗa. Ta ɗaga sabulai, aka sa albarka. Sai ta zaro nawa da yatsu biyu, kamar ta tsinci mataccen ɓera a randa. Ta juya shi, ta sake juyawa, ta leƙa ta ƙasa.

"Amarya, wannan fa? Na zama ne ko na rufe tuwo?"

Na ce, "Hula ce, Yaya." Wallahi ban san muryata na iya yin siriri haka ba.

Aka miƙo jariri. Ta ɗora masa, yaro ya ɓace gaba ɗaya, ƙafa ɗaya kawai ke motsi a waje. Maijego ta kama ciki tana roƙon a daina ba ta dariya. Duk bai ishi Yaya ba, sai ta jawo babbar kular shinkafa ta kifa hular a kai. Ta zauna ɗas, kai ka ce awo na yi. Har wata baƙuwa da ban taɓa gani ba ta tafa, tana tambaya ko ina karɓar aiki, ita ma kulolinta uku.

Don in tsira da sauran mutunci na ce ai zaren mai tsada ne, ulu na asali. Nan Gwaggo ta ɗago. Matar da ta shekara arba'in tana shiɓar auduga tana kaɗi da mazari, wadda har yanzu take ajiye da allinta a taskira. Ta ce, "Miƙo nan, 'yar nan." Ta ciji bakin zaren, ta ƙyasta ashana. Ta ce gashin tunkiya in ya ƙone ƙaurin babbakar kan rago yake yi, ya murmushe ya zama toka. Nawa sai ya narke ya dunƙule baƙi, falo ya ɗau warin ƙonanniyar leda. Ta ce, "Roba kika saƙa." Daga nan ta shiga bayanin cewa tumakinmu, Uda da Balami da 'yan ƙasa, gashi ne da su irin na awaki, ba a kaɗa shi, ta wuce labarin abawar da ta kaɗa aka saƙa gwadon aurenta. Ni ina durƙushe, ba wanda ya ce in tashi.

Abin da ke ci min rai, wannan Yayar ce ta ari babbar tukunyata tun Babbar Sallah, ta dawo da ita ba murfi, ta ce wai haka na ba ta. Mai ɓatar da murfin mutane ita ce yau ke da bakin maganar murfi! A lokacin amsar ba ta zo min ba, sai da muka hau keke muka kai Bauchi Road.

Hular tana nan gidan Hajiya a kan kula, wai abinci na daɗewa da zafi. Saura dunƙule ɗaya da rabi a durowa, in akwai mai so.