Daren da ambaliya ta sauko daga allo

Gidan kallo gare ni a unguwar Yelwa, cikin Garwa a arewacin Kamaru. Rumfar kwano ce da benci goma sha biyu, farin zane a bango, sai majigin da na saya lokacin gasar cin kofin Afirka a farkon 2022, sa'ad da ake buga wasanni a filin Rumde Ajiya. Ranar da babu ƙwallo fim nake sawa, sefa 100 kowane kai. Duk mai wannan sana'a ya san abin da ke cika benci: fim ɗin bala'i. Na soyayya da ƙyar ka tara mutum ashirin, amma a ce teku za ta haɗiye birni, har a taga ake leƙe.

Ni dai ba na ganin girman waɗannan finafinai, don duk uwarsu ɗaya. Masani ya ce ga masifa nan tafe, manya su ce ya zare. Jarumi ya rabu da matarsa, sai an rushe rabin Amurka sannan su shirya, abin da a wurinmu kawu biyu da ƙwaryar goro kan gama kafin la'asar. Dubban mutane su halaka, kare ya tsira. To amma aljihu ba ya tambayar ra'ayina.

Wata Asabar cikin Agusta yaron da ke tura mini finafinai ya zo yana haki, wai ga sabo na ambaliya, ko mako biyu bai yi da fitowa ba. Tun a nan ya kamata in kore shi. Kwafi mai tsabta na awa biyu yakan kai gigabayit 2, wannan kuwa megabayit 600 ne. Sabon fim kuma sai ya yi makonni a silima kafin mai kyau ya fito. Duk abin da ya riga haka, wani ne ya ɓoye waya a riga ya ɗauko. Na san wannan sarai. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Na rubuta SABO FIL a allon ƙofa, na mai da kuɗin shiga 150.

Ƙarfe takwas hadari ya haɗu, wuta ta tafi, na jawo ɗan janaretana. An rubuta 950 a jikinsa, amma abin da yake iya ɗauka bai wuce wat 650 ba. Majigi na cin 300, amfilifaya 120, fanka uku 210. Jimla 630 ke nan, wato jaki ne da aka ɗora wa kaya har wuya. Na zuba fetur lita 4, na haɗa da baƙin mai mililita 80 kamar yadda irin wannan inji ke so. Abin da ban duba ba shi ne fetur ɗin kansa, zuwa-zuwa ne, wato irin na kwalba, da na saya a bakin titi, kuma kwalbar ta sha ruwan safe ba murfi.

Minti goma da farawa sai ga kan wani ƙato ya tare rabin allo. Kawu mai shayi ya daka tsawa: “Kai, zauna mana! Gilashi ne kai?” Kan bai motsa ba. Na ɗauki tocila ina bin benci ɗaya bayan ɗaya, kowa a zaune. Ashe mutumin yana can wata silima a wata ƙasa, shi ma ɗauko shi aka yi. Can kuma waya ta yi ƙara a cikin fim ɗin, mutum uku suka laluba aljihu.

A bencin gaba akwai wani dattijo masunci, wanda ya yi rayuwarsa a kan Binuwai. Da igiyar ruwa ta taso a allo ya yi tsaki.

“Ɗana, wannan ruwan ƙarya ne.”

“Me ya sa, Baba?”

“Ka taɓa ganin ambaliya shuɗiya? Ja take, da kara da leda da mushen akuya. Kuma ba ta zuwa da kiɗa. A 2012, da aka saki ruwan madatsar Lagdo, ta ƙarƙashin ƙofa ta shigo, na farka tabarma tana yawo da ni.”

Wani saurayi a bayansa ya ce da shi ne a cikin fim ɗin, da tuni ya ceci kowa.

Sai sama ta ɓalle. Wanda bai taɓa zama ƙarƙashin kwano cikin ruwan Agusta ba, ba zai gane ba: ko kiran sallah ba ka ji. Aka fara “Ƙara murya!” Na murɗa amfilifaya har ƙarshe, na manta jakin nan ba shi da sauran wuri. Janareta ya fara tari. Ga nauyi, ga ruwan da ya kwanta a gindin tanki, don ya fi fetur nauyi, ya gangaro cikin kafireto. Daidai lokacin da igiyar ta rufe birnin, ɗif! Duhu.

A waje kuma leda ta toshe kwata, ruwan layi ya juyo ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa, kamar yadda Baba ya faɗa. Mutane suka ji sanyi a idon sawu. Wani ya kwarma ihu: “Lagdo!” Madatsar da ke can nesa da mu kilomita hamsin ko fiye, amma wa ke da lokacin lissafi? Benci suka kife. Saurayin da zai ceci kowa ta taga ya fita, ya taka butar Kawu.

Gyaran janareta ba wuya: rufe famfon mai, kwance ɗan kusan da ke ƙasan kafireto, ruwa ya fara zuba sannan fetur, cire buji ka goge. Minti biyar ya tashi. Majigin ne na lalata da hannuna. Ƙwansa yana buƙatar fanka ta hura shi bayan an kashe, in kuwa wuta ta yanke kwatsam sai a bar shi ya huce sosai. Ni da nake tsoron a ce in mai da kuɗi, nan take na danna. Tas! Ƙwai ya fashe.

Mutum 63 suka shiga a daren, amma washegari mutum 80 suka zo karɓar kuɗinsu. Takalma goma sha ɗaya na tsinta a bakin kwata, babu biyu da suka dace. Baba masunci ne kaɗai ya ture hannuna da na miƙa masa 150 ɗinsa.

“Riƙe, ɗana. Ƙarshen nan ya yi kama da gaske. Yaushe za ka sa na gobara?”