Ku bar ni in ji kiɗan nan har ƙarshe

Haƙurina ya ƙare da masu tambayata ina mawaƙin yake a duk lokacin da na kunna kiɗan makaɗan nan uku da ke yawon wasa a biranen Turai, ɗaya da fiyano, ɗaya da gogen Turawa, ɗaya da babban gogen da ake riƙewa tsakanin gwiwoyi. Da zarar na zauna a zaurenmu na Ƙofar Ƙaura bayan sallar isha'i, sai wani ya leƙo ya ce, "Malam, yaushe za a fara waƙar?" Wace waƙa kuma? Idan mai algaita ya busa a hawan sallah a ƙofar fadar Sarkin Katsina, wa ya taɓa tare shi ya nemi baiti? Aikin da Beethoven, shahararren mai tsara kiɗan nan ɗan ƙasar Jamus, ya wallafa a 1795 a matsayin na farko cikin jerin ayyukansa irin wannan kiɗa ne, kayan kiɗa uku suna zance da juna, wannan ya ɗauko jimla wancan ya ƙarasa masa, amma mu a nan ba za a ba su minti biyar ba! Daidai inda fiyano ya sassauta har ya koma kamar raɗa, nan maƙwabci zai tada janareta, nan mai Keke Napep zai danna oda kamar gari ya kama da wuta, nan ƙanena zai shigo da waya a kunne yana cinikin buhun gero da ƙarfin da za a ji shi a Daura. Na mayar da sashe guda baya sau bakwai a daren jiya, kuma har na kwanta ban ji yadda ya ƙare ba.