Ranar da na mayar da dokin Kawu ɗan Sikotilan

A gidanmu ni ake kira Bature. Ba hasken fata gare ni ba, kiredit na samu a Turanci a jarrabawar WAEC, kuma tun daga lokacin duk takardar da ta shigo gidan, ta asibiti ce ko ta kuɗin wuta, ni ake miƙa wa. Don haka da wata baturiya 'yar Ingila ta zo Kano kallon Hawan Daushe, aka rasa mai yi mata tafinta, ko shawara ba a yi ba aka ce a kira Bature.

Washegarin Sallah da hantsi na kai ta gidan Kawu don ta ga yadda ake shirya doki kafin a fita. Kawu yana da wani akawal, baƙi wuluk, wanda yake ji da shi fiye da yadda yake ji da mu 'ya'yan ƙanwarsa. An ɗaura sirdi, an sa linzami, dokin sai kaɗa kunne yake yana tonon ƙasa da kofato. Baturiya ta matsa, ta sake ja da baya, ta dube ni ta ce, "Is he skittish?"

Ni kuwa "Scottish" kunnena ya jiyo. Na ce a raina, ashe matar nan ta san dawaki, har ta ga ya yi kama da na Sikotilan. Wa zai ƙi a yabi dokin kawunsa? Na gyara tsayuwa na ce mata ƙwarai kuwa, very very, uwarsa da ubansa ma duk haka suke. Sannan na juya na ce, "Kawu, ta ce dokinka ɗan Sikotilan ne."

Kawu ya ce, "Ina ne kuma nan, Bature? Ni dai daga Damagaram aka kawo min shi."

Abin da ya ɗaure min kai, duk yabon nan da ta yi, da aka ce ta hau a ɗauke ta hoto sai ta ƙi fafur. Na ji haushi. Na ce bari in nuna mata ba komai, alhali rabona da hawa doki tun ranar saukar karatun yayana. Na sa ƙafa a likkafa, na haye, na gyara babbar riga, har na fara ɗaga wa yaran unguwa hannu.

A daidai nan wani ɗan bindiga a bayan layi ya ga dama ya gwada bindigarsa kafin a fita. Daram!

Dokin ya zabura. Hulata ce ta fara sauka. Babbar rigar ta cika da iska kamar lema, ƙafa ta fice daga likkafa, na saki linzami na rungume wuyansa ina salati. Bai yi nisa da ni ba, Allah ya saka masa, a kwanar farko ya ajiye ni cikin kwata, da shaddar Sallar da ban gama biyan tela kuɗin ɗinkinta ba.

Bayan an wanke ni, baturiya ta tambaye ni cikin tausayi me ya sa na hau, tunda da bakina na ce mata dokin skittish ne. Na lallaɓa na buɗe ƙamus a waya. Ashe kalmar ta dabba ce mai saurin firgita, musamman doki, wanda abu kaɗan sai ya zabura. Wato gaskiya tsagwaronta na faɗa mata ban sani ba, har na haɗa da iyayensa.

Da yamma a Ƙofar Kudu, duk harbin da 'yan bindigar Sarki suka yi sai na ɗan yi sama daga kujera. Ta ce na zama jumpy. Na so in ce mata ni ban yi tsalle ba, sai na tuna abin da ya same ni da safe, na sake duba waya: mai razana ne, wanda ko ƙofa aka buga sai gabansa ya faɗi. Da ta ga ruwan leda yana rawa a hannuna ta ƙara min jittery. Wannan ban ma duba ba, hannun ya riga ya fassara. Wadda ta fi min ciwo ita ce sheepish, da ta ce fuskata ta yi lokacin da aka tsamo ni. Na ɗauka tunkiya ta kira ni, saura kaɗan in ajiye aikin tafintar, ashe kunyar wanda ya yi abin kunya take nufi. A makaranta nervous da timid kawai aka koya mana, ba wanda ya ce Turawa ma sun rarraba tsoro kamar yadda muke da firgici da fargaba da ɗar-ɗar.

Yanzu a gidanmu an daina ce min Bature, Ɗan Sikotilan ake kirana. Kawu kuma na yi masa bayani har sau uku, bai karɓa ba. Kwanan baya wani ya zo taya dokin, ina ji yana ce masa, "Kai, ka san irin dokin nan kuwa? Baturiya da kanta ta shaida, ɗan Sikotilan ne. Ƙara wani abu."