Masuncin nan ya yi daidai da bai saki jirgi ba

Labari ya zo na wani masunci da kwale-kwale ya kife da shi a ruwa. Alhamdulillahi da Allah ya kuɓutar da wannan bawan nasa. Abin da ya fi jan hankalina a labarin shi ne ya manne wa kwale-kwalen da ya kife, bai ce zai yi iyo zuwa gaɓa ba.

Mu nan Mai Wurno ta ƙasar Sudan yaro da iyo yake tashi a Kogin Nilu, shi ya sa muke raina ruwa, har rigar ceto ake jin kunyar sakawa. To ruwan hunturu daban ne, musamman ga masu fita jefa taru da asuba. Da mutum ya faɗa, numfashi ke fara ƙwace masa, ya ja iska da ƙarfi ba da sonsa ba. In kansa na cikin ruwa a lokacin, ya shaƙe ke nan. Minti na farko a riƙe wani abu har numfashi ya daidaita. In ruwan na da sanyi sosai, bayan kamar minti 10 yatsu su sandare, igiya ma ta gagari kamu. Ruwa na zuƙe ɗumin jiki kusan ninki 25 fiye da iska, don haka a haye bayan jirgin iya ƙarfi.

Masu ceto kuma, don Allah a daina murza masa hannu da ƙafa ko kai shi bakin wuta. A cire jiƙaƙƙun kaya, a kwantar da shi, a lulluɓe ƙirji da kai da bargo. Shayi mai sukari sai in yana cikin hayyacinsa. Sannan asibiti, ko da ya ce ya warware.