Ina jama'ar Ista suka shiga?

Salama, 'yan'uwa cikin Almasihu. Ranar Ista majami'a ta cika maƙil har sai da aka jera benci a waje. Ranar Litinin aka ɗunguma zuwa Galili, wato filin da ake fita shagalin Ista, da kulolin shinkafa da ganguna. To, Lahadin da ta biyo baya fa? Rabin benci ba kowa, mawaƙa ba su fi a ƙirga da yatsu ba, anko ya koma akwati sai Kirsimeti. Haba jama'a! A irin wannan Lahadin ce fa Yesu ya nuna wa almajirinsa Toma hannuwansa, shi da ya yi shakkar tashinsa don ba ya nan ranar farko. Da Toma ya sake fashin taro, da ya ci gaba da zama cikin shakkarsa.

Lokacin Ista kwana 50 ne. Ka ƙirga daga Lahadin Tashi a matsayin rana ta farko: rana ta 40 ita ce ta Hawan Yesu zuwa sama, kuma kullum Alhamis take faɗowa. Rana ta 50, wato Lahadi ta bakwai bayan Ista, ita ce Fentikos, ranar saukowar Ruhu Mai Tsarki. Shi ya sa a cocin Katolika ake ci gaba da kunna kyandir ɗin Ista, limami na sa farar riga har sai ranar Fentikos ya sa ja.

Alhamis ɗin Hawan nan ce muka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Babu hutun gwamnati, ga kasuwa, ga ruwan shuka ya fara sauka, sai ranar ta wuce ba wanda ya tuna. Dattawa, laifin har da naku: sanarwar da aka yi ranar Laraba da dare a WhatsApp ba sanarwa ba ce. A faɗa daga bagadi Lahadi biyu kafin ranar, a sa sujadar da asuba ko bayan an tashi aiki, awa ɗaya ta isa. A karanta Ayyukan Manzanni sura ta 1.

Kwana tara da ke tsakanin Hawan da Fentikos, almajirai wajen 120 addu'a suka duƙufa a kai. Mu kuwa? Ko minti 15 ne da dare, baba, tara iyalinka. Mama, ke ma kar ki ce sai baba ya dawo.

Wanda ya zauna kusa da kai ranar Ista, ka sake ganinsa? Je ka ƙwanƙwasa masa ƙofa kafin Lahadi, don Allah.