Na fi sanin Nebraska a kan Zamfara

Duk ɗan Arewa da ya zo Amurka, ranar da ya fara hawa babbar hanya sai ya ɗauki bidiyon titi ya tura gida, ya rubuta a ƙasa, "Allah ka kai ƙasarmu nan." Amin. Sai dai tun da muka yi tafiyar mota daga Chicago zuwa Denver ni da abokaina a watan Agusta, na daina yarda cewa kwalta ce babban abin da muka rasa.

Tafiyar ta kai kilomita 1,600, mafi yawanta a kan hanyar I-80 da ta ratsa Iowa da Nebraska. Ba biki muka je ba, ba ta'aziyya ba, kuma ba mu da hajar kai wa kasuwa. Da na faɗa wa Hajiyarmu a waya, sai ta ce, "To wa ya rasu?" Na ce babu kowa Hajiya, yawon buɗe ido ne. Ta ɗan yi shiru, sannan ta ce Allah ya kiyaye hanya, da muryar da ake yi wa yaron da aka fara shakkar hankalinsa.

Titin dai ba daga sama ya faɗo musu ba. A 1919 Eisenhower, yana matashin hafsa, ya bi ayarin motocin soja daga Washington zuwa San Francisco, suka yi kwana 62 suna fama da taɓo da ruɓaɓɓun gadoji. Da ya zama shugaban ƙasa ya sa hannu a dokar gina manyan tituna ta 1956, gwamnatin tarayya ta ɗauki kashi 90 cikin 100 na kuɗin ginin. Harajin mai ne ke ciyar da asusun titunan, santi 18.4 a kowane galan. Wato duk lokacin da muka cika tanki, mun biya kuɗin titin da muke takawa. Wannan duk abu ne da kuɗi da ɗan tsoron Allah za su iya yi a ko'ina.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne daren da muka bar Des Moines bayan isha'i muka nufi Omaha. Duhu ta ko'ina, masara dama da hagu ta fi tsayin mutum, wajen da ko bataliya ta ɓuya a ciki ba mai ganinta. Amma na baya suna ta minshari, na gaba muna musun ƙwallo. Babu shinge, babu mai haska mana tocila a fuska yana tambayar me muka kawo masa, ba wanda ya kira ya ji ko mun wuce wajen nan mai hatsari. Ku gwada wannan tsakanin Abuja da Kaduna, tafiyar da ba ta kai kilomita 200 ba. Mutane suka guje wa titin suka koma jirgin ƙasa, a watan Maris na 2022 aka bi su har can.

Ba wai hankalinmu kwance yake ɗari bisa ɗari ba. Baƙaƙen fata ne mu a jihohin da galibi Turawa ne, kuma kowa ya san labaran da ake ji. A Nebraska iyakar gudu mil 75 ne a awa, wajen kilomita 120, direbanmu bai taɓa ƙara ko ɗaya a kai ba. Duk sanda muka hango motar 'yan sanda a laɓe a tsakiyar hanya, hira takan mutu sai mun wuce. Amma tsoron tara da wulaƙanci daban, tsoron a kora ka daji ba takalmi daban.

Wani abokinmu Bazazzage, shi kuwa tun daga Iowa yake mita. Ya ce wannan wace irin ƙasa ce, gona iya ganinka amma ba mutum ko ɗaya a ciki? Gaskiyarsa. Sai dogayen bututan ban ruwa masu taya suna zagayawa su kaɗai, suna zuƙo ruwan ƙarƙashin ƙasa, da rumbunan ƙarfe masu ƙyalli. Inji ya cinye aikin mutane, matasa sun tafi birni. Idan ka sauka daga babban titi ka shiga ƙaramin gari, sai ka tarar da rabin shaguna a garƙame, coci ɗaya, gidan mai ɗaya, da tsofaffi suna shan kofi.

A Walcott muka tsaya a tashar da ke kiran kanta mafi girman zangon manyan motoci a duniya. Tana ɗaukar tirela wajen 900, akwai wanzami, akwai likitan haƙori, har da ɗakin kallon fim. Amma ba wanda ya ce mana sannu da hanya. Muka yi alwala a bayi, ana satar kallon mai wanke ƙafa a kwamin wanke hannu, muka shimfiɗa darduma a gefen ciyawa muka haɗa azahar da la'asar. Bazazzage ya ce shi a ba shi Tafa ko Kwanar Ɗangora, inda kafin ka kashe mota mai rake da mai dafaffen ƙwai da mai fura sun kewaye ka, ga masallaci da butoci a jere, in taya ta fashe kuma mutum goma sun taru ba ka kira kowa ba.

Ni ma ina kewar wannan, musamman da yunwa ta ci mu, don abincin hanya duk naman alade ne ko wanda ba ka san yankansa ba. Sai a Grand Island muka samu sa'ida. Garin na da katafariyar mayankar shanu, kuma da yawa daga ma'aikatanta 'yan Somaliya ne da Sudan da Latin Amurka. A wani ɗan shagon Somalawa aka zubo mana shinkafa da naman akuya da ayaba a gefe, muka wanke hannu muka ci har da neman ƙari.

Inda na saɓa da abokina shi ne yadda yake auna abin biyu kamar ciniki, wai su suna da tsaro, mu muna da mutane, an yi canjaras. Ba a yi ba. Kakanninmu fatake sun yi watanni a hanya daga Kano zuwa Gwanja sayen goro, da madugu a gaba, suna sauka zango zango. Mu ba baƙin tafiya ba ne. Kuma mai raken nan da yake yabo, shi ne farkon wanda rashin tsaro ke kashe wa kasuwa, don motar da ke gudun kada magariba ta same ta a hanya ba ta tsayawa sayen rake.

Yau na san garuruwan Kearney da North Platte na Nebraska, amma ban taɓa ganin dutsen Kwatarkwashi ba, ban taɓa taka Argungu ba. A hanyar dawowa wani ya kawo shawara, idan mun je gida a Disamba mu ɗauki mota daga Kano, mu bi ta Funtuwa da Gusau da Sakkwato har Argungu. Kowa ya ce shawara ta yi. Kafin mu tsallake kogin Mississippi, har an fara duba kuɗin tikitin jirgin sama zuwa Sakkwato.