Randar Zamanin Korau

Kakan matata Bagobiri ne, ni kuwa Bakatsine, haifaffen cikin ganuwa. Duk wanda ya san wasan da ke tsakanin Gobirawa da Katsinawa ba sai na yi masa dogon bayani ba. Tun da aka ɗaura mana aure tsohon nan bai taɓa kiran sunana ba, "bawana" kawai yake ce mani, ni ma in na sami sarari in rama. Tsohon hedimasta ne, ya haura tamanin, ido ya fara rauni, amma bakin yana nan da kaifinsa.

Ya zo mana suna. Da aka watse da daddare, yana kishingiɗe a zaure, sai ya ce, "Bawana, gobe ka kai ni in ga makarantar da Sardauna yay yi karatu. Malamin da yak koya mani nan yay yi, kullum shina ba mu labarinta."

Na ce, "Haba Kaka, wannan ai wajen wasanmu ne muna yara. Ko idona a rufe zan zagaya da kai."

Tsohuwar Kwalejin Katsina yake nufi, kuma ƙafata ba ta taɓa taka wurin ba. Kuma ba ni kaɗai ba ne, kada wani ɗan Katsina ya karanta wannan ya yi mani dariya. Mutum zai taso tun daga Legas ko Ingila ya zo ya ɗauki hoton abin da ke bayan gidanmu, mu kuwa kullum sai mu ce ai yana nan, wata rana ma je. To amma a ce Bagobiri ya ji wannan daga bakina? Kirarinmu fa cewa ya yi kunya gare mu ba dai tsoro ba, kuma kunyar ce ta sa na zuba ƙaryar.

Na shige ɗaki na hau karatu a waya. Na kama 1922, na kama sunan Tafawa Ɓalewa, na ga an ambaci Barewa, sai caji ya ƙare, ga shi an ɗauke wuta. Na ce sauran na cike da baki.

Da safe na ɗora farar shadda, na kafa hula, na maƙala biro a aljihun gaba don a san da mai ilimi ake tafiya. Na tare mai Napep na ce, "Kwaleji za ka kai mu." Yaron bai yi laifi ba, kwalejin da ya sani ya kai mu, can bayan gari, ginin siminti da tagogin gilashi. Kaka ya ɗaga tabarau ya ƙare wa wurin kallo ya ce, "Ashe Sardauna har da na'urar sanyaya ɗaki anka sa mai. Lalle Katsinawa kun ci gaba tun da wuri." Na ce dama na biyo da shi ne ya ga sabuwar kafin tsohuwar. Wani dattijo mai faci ne ya yi wa mai Napep kwatance, ni kuma ina gyaɗa kai kamar ina tabbatar masa.

Da muka iso, maganar gaskiya, wurin ya cika mani ido. Ginin ƙasa ne, ja, irin na magina na dā, bango mai kauri, sama azara. A waje rana tana dukan ƙeya, kana shiga ciki sai ka ji sanyi ya ratsa ka. Shekara ɗari da 'yan kai, ga shi tsaye, alhali katangar bulo da na yi bara har ta tsage. Kaka ya dafa bangon ya yi shiru, ya yi wa malaminsa addu'a. Ni ma na jingina da bango na yi irin tsayuwar masu tunani. Sai daga baya na gane abin da jan bango ke yi wa farar shadda.

Jami'in wurin yana can ciki da wasu baƙi, aka ce mu ɗan dakata. Muna nan sai ga ayarin 'yan firamare da malamarsu, kowa da littafi da fensir. Malamar ta dubi shaddata, ta dubi biro, ta ce, "Ranka ya daɗe, kai ne za ka zagaya da mu?" Kafin in buɗe baki Kaka ya ce, "Shi na. Nan yat tashi, ko idonai a rufe shina zagayawa."

Allah ya isa tsakanina da tsohon nan.

Na yi gyaran murya. Na ce, "Yara, wannan makaranta an buɗe ta a 1922." Fensira suka hau aiki. Daɗi ya kama ni. Na ce, "Gwamna Lugga ne ya buɗe ta da hannunsa." Wata 'yar yarinya mai farin hijabi, tsawonta bai wuce ƙuguna ba, ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, an ce mana Gwamna Kilifod ne." Kaka ya ce, "Ɗiyar ga ta hi ka gaskiya. Lugga ya bar ƙasar tun 1919. Sai dai in ta waya yab buɗe ta." Na ce ina gwada su ne in ga ko suna karatu.

Daga nan tsohon ya ƙwace zancen, kuma dole in yarda ya san abinsa. Ya ce zamanin Sarki Dikko aka kafa ta don a horar da malaman da za su koyar a makarantun lardunan Arewa, shekara biyar ake yi, da Turanci ake karatu, kuma ɗalibai daga Sakkwato, Barno, Bauchi, Bida, ko'ina ake zaɓo su. Sardauna ya shigo a 1926 ya fita a 1931, Tafawa Ɓalewa ya biyo bayansa da shekara biyu. Cikin ɗalibanta ya lissafa Kashim Ibrahim, Isa Kaita, Aliyu Makaman Bida, Abubakar Imam. Ya ce ko wasan fayif da Sardauna ya riƙe har girmansa, wanda ake dukan ƙwallo da tafin hannu a jikin bango, ya buga shi sosai a nan. Yaran suka saki baki. Na ga kasuwata tana neman watsewa.

Na yi wuf na ce, "Daga baya kuma aka mayar da makarantar Barewa." Yarinyar nan ta ce, "Malam, ina ne Barewa?" Na ce, "Wani gari ne can kudu." Malamar ta rufe baki da gefen mayafi. Kaka ya ce, "A 1938 anka kai ta Kaduna, a 1949 anka kai ta Zariya, can ne daga baya anka sa mata suna Barewa. Garin da bawana ka hwaɗi, sai dai shi kai mu da Napep." Ya ƙara da cewa ginin nan tun 1959 gwamnati ta sa shi cikin kayan tarihin ƙasa, shi ya sa ba a rushe shi an yi shaguna ba.

A nan ne na yanke shawarar in bar fagen shekaru, in koma inda ba mai kama ni. Na waiga sai na hango wata randa a lungu, cikin inuwa, an girke ta a kan yashi. Baƙa ce, bakinta ya ɗan ɓalle, gindinta ya yi gansakuka, an rufe ta da faifai. Na ce to, ga abin da babu shi a littafin kowa.

Na tara yaran na sassauta murya. Na ce, "Kun ga wannan? Tun zamanin Muhammadu Korau take, sarkin da ake cewa a zamaninsa aka gina hasumiyar Gobarau. Ta haura shekara ɗari biyar. Kada wanda ya taɓa." Yaran suka ja da baya. Na ga har yarinyar nan ta rubuta. Na ce a cikinta ake jiƙa wa mayaƙa magani kafin su fita su kori Gobirawa, na saci kallon Kaka. Bai ce uffan ba, murmushi kawai yake yi, irin wanda ya kamata ya sa in yi hattara.

Ina cikin bayanin yadda masana daga Jamus suka so saye aka hana su, sai ga maigadi ya taho da buta. Ya ce, "Gafara dai, Alhaji." Ya ɗage faifan, ya zura wani jan kofin roba da aka ɗaure da igiya a bayan randar, ya kamfato ruwa ya kwankwaɗa, ya cika butarsa. Yaran suka yi ihu, "Ya taɓa! Ya taɓa!" Mutumin ya tsaya sororo. Malamar ta tambaye shi shekarar randar nawa. Ya ce, "Wannan? Da azumin bara na sayo ta a kasuwa, tsohuwar ce jikana ya fasa."

Kaka ya yi dariya har sai da aka zaunar da shi a benci. Da ya sami numfashi ya miƙa hannu ya ce a ba shi ruwan Korau shi ma ya sha tabarruki. Jami'in gaskiya ya fito, ya kwashi yaran ya shiga da su, suna tafe suna waiwayena. Ɗaya daga cikinsu ya ce, "Malam, bayanka duk ja." Na ce na sani, ado ne.

A hanyar gida na roƙi tsohon, don girman Allah, maganar ta tsaya tsakaninmu. Ya ce ai shi ba mai tone-tone ba ne. Ko takalmi bai gama cirewa ba ya ƙwala wa jikarsa kira, ya ce ta ɓoye tukwanenta da tulunanta kada mijinta ya ba su shekaru. Kafin la'asar labari ya kai Sabon Birni ta waya, an ƙara masa gishiri, wai har kuka na yi.

Bayan isha'i ya aiko a kira ni. Ya ce jibi yana son ganin rijiyar Kusugu a Daura, kuma ni zan kai shi, tunda ya ji an ce nan ma wajen wasanmu ne muna yara. Ya ciro cajarsa daga aljihu ya miƙo mani.